Jan Idon da Ke Ƙarƙashin Tebur

Pidlisne, Nuwamba 2000

Ɗana Zenik,

Yabo ga Yesu Kiristi. Ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kana kuma cin abinci mai zafi, ba burodi da kifin gwangwani ba. Ni da sauƙi. Gwiwar hagu tana ƙorafinta na kullum, jini ya hau ya sauka. Dankali yana rumbu, kabeji yana ganga, duk aikin hannun babanka ne kafin ya tafi.

Mun binne shi ranar Asabar, kusa da kakarka. Mutane sun zo fiye da zatona, har tsofaffin abokan aikinsa na masana'antar bulo, waɗanda tun da aka rufe ta ban ƙara sa su a ido ba. An tambaye ni kai. Na ce ni na hana ka zuwa, kuma gaskiya na faɗa. Wanda ya shiga Portugal da bizar yawon buɗe ido ya zarce, in ya fito ba ya komawa. Zuwanka ba zai tayar da babanka ba. Ka zauna har a ba ka takardun zaman da ake ta cewa za a bayar a sabuwar shekara. Wannan umarni ne, ba shawara ba.

Akwai abin da ban iya faɗa maka a wayar maƙwabciyarmu Pani Darka ba, don tana tsaye a kaina da kunnuwa kamar na zomo. Da la'asar ne, an ɗauke wuta kamar yadda suka saba. Na dawo daga ba kaji abinci, na ga talabijin ya yi duhu, babanka yana kan kujera kansa ya langaɓe, abin dannawa na wannan akwatin wasan talabijin, Dendi, yana hannunsa. Mutum mai furfura, wanda ya gina wa rabin garin nan murhu, a ce ajali ya same shi yana wasan yara! Na zare abin daga hannunsa kafin in kira kowa. Fada Teodor ya ɗauka hutawa yake yi. Kada ka kuskura wani ya ji.

Ka san ban taɓa son akwatin nan ba. Shekarar da babanka ya kai dutsen guga biyu da injin huda bango kasuwar Poland, na zaci takalman sanyi zai kawo mana. Sai ga shi da wannan abu, da kaset ruwan ɗorawa mai cewa wasa dubu tara ne a ciki, alhali biyar ne suke ta maimaita kansu. Maƙaryaci tun daga bangonsa. 'Ya'yan unguwa suka mayar mini da ɗaki tasha, kowa yana hura kaset kamar mai hura wuta. Ya cinye maka lissafi, ya cinye maka ido, ya dusashe mana talabijin. Kowa ya san yana cinye talabijin, ko da yake ku biyu dariya kuke yi mini. Na ɓoye wayarsa cikin buhun fulawa, babanka ya tono ta. Na ce in ka tafi abin zai mutu. Ashe uban ya fi ɗan.

Watannin ƙarshen nan abin ya wuce misali. In na shigo ɗaki sai ya yi wuf ya kashe talabijin, kamar yaron da aka kama da taba. Har rushnik ɗina na aure, farin ƙyallen da na yi wa aikin allura ina budurwa, ya sauko da shi daga kan hoton Budurwa Maryamu ya shimfiɗa a cinya kamar tsumman goge baki. Da na yi magana sai ya ce, "Orisiya, ke dai kada ki wanke shi makon nan." Ka ji fa.

Mun rufe madubai kamar yadda aka saba. Talabijin ma na rufe fuskarsa da wannan rushnik ɗin, don shi ne a kusa, kuma ba za a buɗe ba sai an yi addu'ar arba'in. Amma jiya ina shara, sai na ga wani jan ido yana kallona daga ƙarƙashin tebur. Akwatin a kunne yake! Ashe babanka ya ciro batirin tsohuwar motarmu, ya ja wayoyi zuwa gare shi, ya haɗa da caja a bango. Batir a ɗakin da muke addu'a, yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ni ba na taɓa waya. Na aika wa Pan Bohdan mai tarakta, ya ce zai zo ya kwance. Bayan arba'in kuwa, bola.

Ga safa biyu na ulu da kwalbar zuma wajen direba Ilko. Ka riƙa zuwa coci.

Mahaifiyarka,
Orisiya

*

Braga, Nuwamba 2000

Mamo,

Yabo ga Yesu Kiristi. A tsaye nake rubutu, wani direba mai zuwa Lviv yana jirana, ya ce zai jefa muku a gidan waya. Lafiyata lau. Ku yafe mini da ban zo ba. A kan Tato, babana, ban san me zan ce ba, hannuna ya ƙi.

Mamo, ku saurara da kyau. A ƙarƙashin tebur akwai Dendi, an haɗa shi da batir. KADA KU KASHE SHI. Kada ku cire caja daga bango, kada ku zare kaset, kada ku danna komai, ko tsintsiya kada ta kai wurin. In jan ƙwan yana ci, komai lafiya. Talabijin ba ruwansa, ya zauna a kashe. In ruwan batir ya yi ƙasa, Pan Bohdan ya ƙara, amma kada ya kwance ko waya ɗaya. Ku ɗan buɗe taga saboda wari. Ku rubuto mini ko yana ci. Don Allah, Mamo. Zan yi bayani.

Zenik

*

Pidlisne, Nuwamba 2000

Zenik,

Yabo har abada. Lafiya nake, in kana son sani, don ban ga ka tambaya ba.

Na ga alama takardarka ta yi saɓani da tawa a hanya. Na karɓe ta da hannu biyu, na sa tabarau, na zauna. Layi biyu na babanka, sauran duka na akwatin roba. Na gode Allah da ban buɗe ta a gaban Darka ba. Mutumin da ya goya ka zuwa asibiti cikin ƙanƙara yana cikin ƙasa, kai kuma abin da ya dame ka ruwan batir. Har da manyan baƙaƙe, kamar kana yi wa kurma tsawa. Abin da na daɗe ina faɗa ke nan: yaron da ya saba mutuwa a gilashi ya tashi ya ci gaba, ba zai san nauyin mutuwa ta gaskiya ba.

Washegari Pan Bohdan ya zo da filaya a hannu.

"Pani Orisiya, ina aljanin? Yau zan raba ku."

Na ce ya dakata tukuna.

"Ke kika aika, ke kika hana. Ko dai kin fara bugawa ne a ɓoye?"

Na ce ya kama bakinsa, gidan makoki ne. Ya sha shayi, ya ƙara wa batir ruwa, ya fita yana girgiza kai.

Kada ka ɗauka tausayi ne. Ban taɓa yanke wa mutum hukunci ban ji ta bakinsa ba, ko da ɗan da na haifa ne. Ka ce za ka yi bayani, to ina jira da motar Ilko mai zuwa. In bai gamsar da ni ba, da hannuna zan tsinke wayar, ko da za ta ja ni. Ina zaune cikin fargabar gobara, taga a buɗe cikin wannan sanyi, duk saboda kai.

Yana ci. Tun da abin da kake son ji ke nan.

Mahaifiyarka

*

Braga, Nuwamba 2000

Mamo,

Yabo ga Yesu Kiristi. Yaya gwiwa? Kuna shan maganin jinin kuwa, ko kuna ajiye shi kamar kayan ado? Lafiyata lau. Safa sun yi daidai, zumar kuma mutanen ɗakinmu sun taya ni. Takardunku duka biyu suna hannuna. Ta farkon a bayan injin kwaɓa siminti na karanta ta, don kada a ga fuskata.

Kun ce layi biyu na ba Tato. Mamo, duk takardar tasa ce.

A cikin kaset ɗin nan akwai wasan tankokin yaƙi, kun sha jin ƙararsa daga kicin. Abin da ba ku sani ba, mutum yana iya gina filin wasan da kansa: jan bulo, ƙarfe, ruwa, ciyawa, gida-gida kamar dara. Ni harbi nake so, Tato gini. Shi zai gina fili, ni in shiga mu ga ko zan fita da rai. Tato ba mai magana ba ne, kun fi ni sani. Ranar da na faɗi jarrabawa kuka ƙi kula ni, bai ce mini komai ba. Ya dai gina mini fili mai sauƙi, ya yi kamar bai lura ba. Ranar da zan taho nan kuwa, wanda ya gina babu ƙofar fita ko ɗaya.

Cutar akwatin ita ce ba ya riƙe abu. Abin da aka gina yana nan muddin akwai wuta. In ta ɗauke ko na ƙiftawar ido, ya tafi ke nan. A wayarmu ta ƙarshe ya ce mini, "Zenku, ina gina maka irin wanda ba ka taɓa gani ba. 'Yan wutar nan sun rushe mini shi har na gaji, sai na sa batirin mota. Zai jira ka ko shekara za ka yi." Na ce mene ne, Tato? Ya yi dariya ya ce, "Sata na yi. Kada mamanka ta ji." Nan katin wayata ya ƙare.

A nan dariya suke yi mini in na ba da labarin Dendi. Wani ɗan Portugal da muke aiki tare ya ce asalin akwatin na Japan ne, su sun daɗe da gama yayinsa, namu kwafin kwafi ne. Ya ce yanzu ko yaro ba zai ɗauke shi a titi ba. Ban musa masa ba. Amma a duk duniya nan ne kaɗai hannun Tato bai huce ba tukuna.

Ku kunna talabijin ko na minti ɗaya, ku ga abin, ku faɗa mini. In ba za ku iya ba, zan zo in gani da idona. Foman ya ce in na tafi kada in dawo, gurbina na wani ne, takardun zama ma in manta. Na ce na ji.

Ɗanku,
Zenik

*

Pidlisne, Disamba 2000

Ɗana,

Yabo har abada. Ina shan maganin, ba sai ka koya mini ba. Kaji sun rage ƙwai saboda sanyi.

Na karanta bayaninka. Ga amsata, kuma ba zan maimaita ba.

Ba zan kashe ba. Na yi maka wannan alkawari har arba'in.

Ba zan kuma buɗe ba. Ran mamaci yana zagaya gidansa har ranar arba'in. In ya tarar da gilashi a buɗe ya leƙa, ba zai gane hanyar fita ba. Kakarka ta faɗa, ita ma tata kakar ta faɗa mata, ba kai za ka canja ba don ka ga teku. So kake in ɗaure babanka cikin akwatin da ya ɗaure shi yana da rai?

Kuma ba za ka zo ba. Shekara nawa kana ɗaukar siminti a ka, kana ɓuya in ka hango ɗan sanda, yanzu da abin ya kusa nuna za ka kifar da tukunya? Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. In ka sauka a tashar nan kafin takardunka su fito, ƙofata a rufe za ka same ta, ka san kuma ba na wasa.

Babanka bai taɓa satar ko allura ba. Ka daina rubuta shirme a kan mamaci.

Sama ta yi nauyi, an ce dusar ƙanƙara mai yawa tana tafe. Na shigo da itace.

Mahaifiyarka

*

Braga, Disamba 2000

Mamo,

Babu Ilko, babu takarda. Wayar Pani Darka ba ta shiga. Mutanenmu a nan suna cewa turakun wuta sun zube a yankinmu, hanyoyi sun toshe. Batirin nan tsoho ne, in babu caja ba zai daɗe ba. Kuma ban san halin da kuke ciki ba. Wa ke ɗebo muku ruwa? In kun zame a bakin rijiya, wa zai sani?

Na ɗaure jakata. Motar farko da ta iso, ita zan bi. Ku rufe ƙofar in kuna so, zan kwana a ɗakin kaji. Wannan ta gidan waya na aiko ta, wataƙila in riga ta zuwa.

Zenik

*

Pidlisne, Disamba 2000

Ɗana Zenik,

Yabo ga Yesu Kiristi. Ina da rai, ban faɗi ba, ban ƙone ba. Tari ne kawai, shi ma na san inda na samo shi. Ban sami takardarka ba tun waccan, amma ni na haife ka, na san jakarka a ɗaure take. Na sa Ilko ya rantse da 'ya'yansa ba zai buɗe maka ƙofar mota ba sai ka karanta wannan har ƙarshe, ka kuma kwance ƙunshin da ke tare da ita. Nemi wuri ka zauna.

Ƙanƙara ta sauko jiƙaƙƙiya, ta daskare a kan wayoyi, turaku suka yi ta karyewa kamar kara. Gari ya koma zamanin kakarka. Da farko jan idon yana nan garau. Daga baya ya fara dusashewa, kamar garwashin da toka ta rufe. Na lura na fi leƙa ƙarƙashin tebur fiye da murhu, abin ya ba ni haushi. Amma alkawari kaya ne. Na ɗaura gyale, na keta ƙanƙara har gwiwa zuwa gidan Pan Bohdan.

Na ce, "Ciro batirin taraktarka."

"Don me? Wani ne ba lafiya?"

"Don aljanin."

Ya saki baki. "Pani Orisiya, ke da kika ce a kai shi bola? To da me zan tayar da tarakta in share hanya? Duk unguwa ni take jira!"

"Ka tayar da bakinka, ai yana da ƙarfi. Murhun da kake gasa ƙafa a gabansa, wa ya gina?"

Ya ɗauko filayarsa ya ciro shi. Muka ɗora batirin a kan amalanken ƙanƙara na jikarsa, shi yana ja ina turawa, mata suna leƙe ta taga. Da muka shigo ya durƙusa, ya miƙo mini wani abin maƙala waya mai haƙora. Ya ce sai an haɗa sabon kafin a saki tsohon. "Riƙe nan da kyau. In kika saki, mijinki Miron ya tafi." Ni da ban taɓa canja ƙwan lantarki ba, na riƙe shi da hannu biyu ina karanta Ubanmu Wanda Ke Sama. Sai idon ya buɗe, ja wur. Bohdan ya cire hula, ban san dalili ba, shi ma bai sani ba.

Hanya ta ƙara kwana a toshe saboda ni, na kuma ji abin da aka faɗa a kaina a bakin rijiya. Da aka dawo da wuta, Bohdan ya zo ɗaukar kayansa, don ba zan riƙe gari duka ba. Ya gwada tsohon batirin babanka, ya ce ya mutu murus, ba ya ƙara riƙe caji. "Yanzu caja ce kaɗai ke riƙe da shi. In sun ɗauke da la'asar, shi ke nan." Ka san kuwa ba su taɓa fashin la'asar ba.

Da safe ne wannan. Na tsaya gaban talabijin na daɗe. A hannu ɗaya maganar kakarka, a ɗaya kuma kai da jakarka. Na yi alamar gicciye, na ce, "Miron, in kana ɗakin nan, juya bayanka." Na ɗage rushnik, na kunna.

Zenik, tauraro ne. Taurarona. Mai hannu takwas ɗin nan na ƙauyen mahaifiyata, wanda ke bakin rushnik ɗin da nake riƙe da shi a lokacin. Ya jera shi da jan bulo a kan baƙi, gida bayan gida, kamar yadda na jera da zare. Na dubi gilashi, na dubi ƙyalle, na sake duban gilashi. Ka tuna hannu ɗaya na tauraron ya gaza sauran tsawo, wanda babanka ke tsokanata da shi tun ranar aurenmu, yana cewa ina ɗinki ina leƙen samari? Haka ya gina shi, gajere. Magini irinsa, da ba ya barin bulo ya karkace ko da faɗin farce. A tsakiya kuma ya zuba ruwa, shuɗi. Wa ya taɓa ganin shuɗi a cikin tauraronmu? Wannan kam nasa shirmen ne. Hannu bakwai ya gama. A gindin na takwas akwai wata 'yar tanka tana ƙiftawa, tana jiran a ce mata ci gaba.

Ka yi gaskiya. Ɓarawo ne.

Ina nan tsaye sai ga Darka da tukunyar miya, ko ƙwanƙwasawa babu.

"Yesu, Maryamu! Orisiya! Talabijin kafin arba'in? Kuma wasan yara?"

Na ce, "Darka, ko ki rufe ƙofa ki zo ki ƙirga mini, ko ki rufe ta ta waje."

Ka san Darka ba ta iya barin abu ya wuce ta. Ta ajiye tukunya. Na yanko baƙin ƙyalle daga gyalen makokina na biyu, na fito da zare ja, fari da shuɗi. Tana ƙirga gidaje da tsinin cokali, ina ɗinkawa. Na ce in cokalin ya taɓa wani abu, ita da Allah. Ta ce, "Bulo, bulo, babu, ƙarfe. Kai, Miron! Ashe abin da yake yi ke nan muna cewa ya zare?" Na ce ita ta ce, ba ni ba. Mun gama kafin rana ta karkata, muka bi layi-layi muka tabbatar. Sannan na kashe talabijin, na mayar da rushnik.

Da la'asar suka ɗauke, kamar kullum. Ina zaune a kujerarsa. Jan idon ya ɗan tsaya, kamar mai neman abin da ya manta, sannan ya rufe. A nan na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta. Ban karya maka alkawari ba, ɗana. Ba ni na kashe ba.

Kafin yamma duk gari ya ji gwauruwar Miron tana harbin tankoki. Na je da ƙafata na faɗa wa Fada Teodor abin da na yi. Ya ce rufe gilashi al'adar kakanni ce, ba dokar coci ba. Yaro ne, bai san komai ba. Na dai kunna kyandir.

Yanzu kwance ƙunshin. Babu abin da ya rage a ƙarƙashin tebur da za ka zubar da takardunka dominsa. Abin yana hannunka, kuma wannan ba ruwansa da 'yan wuta. Allurar da za ka gani a soke da jan zare, a nan tankar ta tsaya. Ka yi hankali kada ta soke ka. Ka koma bakin aikinka.

Mahaifiyarka,
Orisiya

*

Braga, Janairu 2001

Mamo,

An haifi Kiristi. Yaya tarin? Ku sha madara mai zafi da zuma, kamar yadda kuke tilasta mana.

Ina tasha da jakata lokacin da Ilko ya iso. Ya kulle ƙofa, ya miƙo mini takarda ta taga, ya ce, "Ni ina da 'ya'ya, kuma ina tsoron uwarka fiye da 'yan kan iyaka." Na karanta a bakin titi. Da na kai wurin da idon ya rufe, na ji kamar yanzu aka kira ni a waya. Sai na kwance ƙunshin. Ilko ya sauko ya ba ni taba. Na koma. Foman ya yi ta zagi da yarensa, ya miƙo mini shebur. An karɓi sunana cikin waɗanda za a yi wa takardu.

Akwai wani ɗan Moldova a ɗakinmu da ya zo da irin akwatin a ƙasan jakarsa, yana jin kunyar fitowa da shi. Ranar Lahadi muka haɗa da talabijin mai gida. Na shimfiɗa ƙyallen a cinya na gina. Manyan maza suka kewaye ni, daga Ukraine, daga Moldova, daga Romania, kowa da sunan da suke kiran akwatin a garinsu, kowa yana rantsuwa shi ya fi iya hura kaset. Da tauraron ya fito, duk suka matso gaban gilashin. Wani ya ce irinsa ne a rigar uwarsa.

Na shiga filin, Mamo. Ban fita ba. Tauraronku tarko ne, kuma ta hannun da Tato bai ƙarasa ba suke shigo mini. Na gwada cike shi da ka, bai yi kama ba. Ku zana mini yadda yake tafiya.

Ɗanku,
Zenik

*

Pidlisne, Janairu 2001

Ɗana Zenik,

Mu ɗaukaka Shi. Tari ya tafi. An yi addu'ar arba'in lafiya, na buɗe madubai, rushnik ya koma kan hoton Budurwa Maryamu. Ban wanke shi ba tukuna. Tsohuwar takardarka mai maganar kwana a ɗakin kaji sai jiya ta iso. Kaji sun gode, ba su da wuri.

Ba zan zana maka ba. Aikin da uba ya bari ba a ƙarasa shi a ɗakin haya, a gaban baƙi, a talabijin wani. In takardunka sun fito, ka zo da Ista. Ni zan ƙirga, kai ka danna.

Akwatin na naɗe shi da tawul na sa cikin adaka, tare da kaset ɗin maƙaryaci. Kada ka ɗauka na canja ra'ayi. Ɓata lokaci ne, kuma shi ya hana ka zama injiniya. Taba ma da ka ce Ilko ya ba ka, za mu yi maganarta.

Ka gaya wa ɗan Moldovan nan, in kun gama ku riƙa kashewa. Yana cinye talabijin, kuma na mutane ne.

Mahaifiyarka,
Orisiya